Gidan da Aka Hana Sannu

Zakariya ya zubar da maganin uwarsa a masai, ya kuma kafa doka kada wanda ya sake ce mata sannu a gidansa. A Jibiya aka yi wannan, a wani gidan haya da ke bayan kara, kasuwar shanu. Mutumin da ya yi haka bai taɓa ɗaga wa tsohuwar murya ba. Kowa ya san yana ji da ita, shi ya sa aka daɗe ba a ga abin da ke faruwa ba.

Sunanta Rifkatu, a gidan Inna ake ce mata. Bahaushiya ce Kirista daga ƙauyukan wajen Kafur. Da aka turo ɗanta aikin gwamnati bakin iyaka sai ya taho da ita, saboda ciwon suga da ya kama ta. Ƙaya ta soke ta a babban yatsan ƙafar hagu, wurin ya zama gyambo. Tana zuwa asibiti wankin ciwo, tana shan ƙwayoyinta safe da yamma, tana dogara sanda. Gyambon har ya fara haɗe baki.

Zakariya ɗanta ne na fari, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta tarar iyayenta na yi. Ba ta faɗin sunansa. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta cin abinci yana wurin. In magana ta kama, sai ta kira matarsa Hanna ta ce, "Ki ce wa mijinki kaza," ko da kuwa yana tsaye a tsakar gida yana ji.

Majami'arsu ƙarama ce, ta kwano. Fastonsu ya kwashe iyalinsa tun lokacin da ɓarayin daji suka matsa wa garin, ba a turo wani ba, sai Zakariya ya riƙe wa'azi. Yana da murya, yana da karatu. Wata Lahadi ta bazara, kwano na ta ƙara don zafi, ya ɗauko labarin shanyayyen nan na cikin Linjila.

"Abokansa suka ɗauko shi a kan tabarma," in ji Zakariya. "Ƙofa ta cika, suka hau soron mutane suka ɓula, suka zuro shi gaban Yesu. To ina tambayarku. Yesu ya tura shi kemis?"

"A'a!"

"Ya ce ya dawo ran Laraba wankin ciwo?"

Aka yi dariya, aka ce a'a.

"Cewa ya yi ya miƙe ya naɗe tabarmarsa ya kama hanyar gida. Kuma ya miƙe! Yesun nan ya mutu ne? Ya tsufa ne? Ko shi ma an rufe masa iyaka, ba ya iya shigowa Jibiya?"

Majami'a ta ɗauki zafi. Shi kansa gumi ya jiƙa masa riga, idonsa ya yi ja. Ban ce ya shirya abin da ya biyo baya ba. Idonsa ne ya faɗa kan bencin mata, ya ga uwarsa zaune da sanda jingine a gwiwarta.

"Inna," ya ce. "Tashi."

Duk aka juyo. In ta ci gaba da zama, ta ƙaryata ɗanta a gaban jama'a. In ta ce ba za ta iya ba, ta yi masa magana baki da baki ke nan, kuma musu. Ta sunkuyar da kai, ta dafa benci, ta miƙe.

"Bar sandar, Inna. Taho."

Ta tako a kan diddige, tana jan ƙafar, tana cije haƙori. Ba ta ɗago kai ba har ta isa gaban bagadi, inda yake tsaye yana wa'azi. Matan zumuntar majami'a suka ɓarke da guɗa, aka bugi tulunan kiɗa, wata ta faɗi ƙasa tana kuka. Zakariya ya ɗaga sandar sama kowa ya gani, ya rataye ta a ƙusa bayan bagadi. Shi ma kuka yake yi.

Da suka koma gida ya shiga ɗakinta ya tattaro ledar magunguna. Hanna ta bi shi har bakin masai.

"Maigida, da an bar mata ko na yau."

"Wanda ya warke me zai yi da magani? So kike mu ce wa Allah ba mu yarda da aikinsa ba?" Ya zazzage ledar a rami. "Kuma ki ji. Sannu ta mara lafiya ce. Ya jiki ta mara lafiya ce. Abin da baki ya furta shi jiki ke bi. Daga yau gaisuwar Inna ita ce, kin warke."

Kashegari ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yadda ya saba, ya ce, "Inna, kin warke."

Daga bayan labule ta ce, "Mm."

Ya tashi ya tafi aiki yana waƙar yabo.

Ƙishirwa ta fara dawowa. Sai ta shanye moɗa, ta ajiye, ta sake ɗauka. Tururuwa ta yi layi zuwa gwangwanin fitsarinta. Bakin gyambon da ya fara haɗewa ya buɗe, ya yi fari a gefe, yana tsatsar ruwa.

"Hanna, ki ce wa mijinki ƙafar nan tana yi mini zogi. A mayar da ni wurin wankin nan."

Karon farko Hanna ta kai saƙon yadda aka ba ta. Zakariya ya ture kwanon tuwo, ya ce ba maganar Inna ba ce wannan, maganar Hanna ce ta sa a bakin tsohuwa, kuma in Shaiɗan zai shigo gidan nan ta bakinta zai shigo. Ya sa ta azumi, ya daina cin girkinta har sai da ta ba shi haƙuri a durƙushe. Daga ranar ta koyi gyara saƙo.

"Me Inna ta ce?"

"Ta ce da sauƙi."

"Ba sauƙi ba, warkewa!"

Sai ta koma ɗakin tsohuwa ta ce, "Ya ce to, in ya samu sarari."

Tsoro ne, amma ba tsoro kaɗai ba. Mutane sun fara zuwa gidan. Matan da a da ba su san da Hanna ba yanzu Mama suke ce mata, suna tashi su ba ta kujera. Ta ji daɗin abin, ba ta kuma so ya ƙare.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Rabi'a, mai sayar da daddawa. Musulma ce, haifaffiyar garin, ita ta saba raka Rifkatu asibiti. Da ta ga kwana biyu shiru sai ta shigo da rana, Zakariya na wurin aiki.

"Salamu alaikum. Ina tsohuwar nan da aka ce ta jehwar da sanda tana tsere da 'yan kabu-kabu?"

"Shigo, Hajiyar da ba ta ga jirgi ba," in ji Rifkatu daga ciki.

"Ke dai kin ga jirgin? Sannu, ƙawata. Ya jikin?"

Hanna ta taso daga bakin murhu da sauri. "Baba Rabi, don Allah ba a faɗin haka a nan."

"Ba a hwaɗin mi?"

"Sannu. Maigida ya hana."

Rabi'a ta dube ta sama da ƙasa. "Ke ɗiyar nan, ni da sannu aka yaye ni." Ta ɗaga labule ta shiga, ta zauna a bakin katifa, ta jawo ƙafar ba tare da neman izini ba, ta warware tsumman. Ta ƙura wa ciwon ido. Yatsan ya yi baƙi. Kumburi ya kama tafin ƙafar har idon sawu, fatar na sheƙi.

"Rifkatu, wannan ba ta zama ba ce. Tashi mu tahi."

"Sai mai gidan ya ce."

"Wane mai gida? Ɗan da kika haihwa? Ki kira shi ki gwada mishi!"

"Haba, Rabi. Ni in kira shi? In buɗe masa ƙafa?"

"To kunya ce za ta wanke miki ciwon?"

Rifkatu ta juya kai wajen bango. "Ya tsaya gaban mutane ya faɗa. In na je asibiti, wani zai gan ni. Me za a ce da shi?"

Rabi'a ba ta tafi ba. Ta zauna a zaure har Zakariya ya dawo. Ya gaishe ta da ladabi, har da rusunawa.

"Malam Zakariya, ka ga ƙahwar uwarka?"

"Baba, na ga abin da ya fi ƙafa. Na ga ta yi tafiya a gaban shaidu."

"Ni ƙahwar nike tambaya. Ka buɗe ka gani?"

"Mu ba da ganin ido muke tafiya ba, da bangaskiya muke tafiya. Addininmu ne, Baba. Ba na shiga naku."

"Ban zo addini ba. Mu ma muna tohi, muna kuma zuwa likita. Ɗoyi shina tashi a ɗakin nan."

"Na gode da zumunci," in ji shi, murya a kwance. "Amma duk mai shigowa ya tuna mata da ciwo, yana mayar mata da ciwon ne. Ki yi haƙuri ki ɗan dakata da zuwa."

Ya sa Hanna ta riƙa sa sakata da rana.

Ranar Lahadi kuwa ba a daina kai Rifkatu majami'a ba. Labari ya kai Magama, ya kai Gangara, har wasu 'yan ƙetare da ke zaune wajen Maraɗi suka biyo hanyar daji suka zo. Benci ya kasa, ana shimfiɗa buhuna a waje. Kuma duk wanda ya zo, tsohuwar da ta jefar da sanda yake so ya gani. Hanna takan naɗe ƙafar da tsumma, ta ɗora safa mai kauri, ta cusa ta cikin wani tsohon kambas na Zakariya da ta yanke wa baki. A kawo ta a babur tun kafin mutane su taru. In wa'azi ya yi zafi sai ya ce, "Inna, nuna musu." Ta miƙe, ta tako zuwa bagadi, a yi guɗa.

In sun dawo, sai an jiƙa safar da ruwan ɗumi kafin ta rabu da nama.

Akwai dattijon majami'ar, Baba Habila, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya a garin. Shi ya lura tafiyar na gajarcewa kowane mako, ya kuma ga inda ta taka a siminti ya bar danshi. Ya bi Zakariya gida wata rana da la'asar, suka zauna a inuwar zaure.

"Ɗana, wa'azinka na shiga. Amma akwai abin da ke damuna. Ka tuna makahon nan da Ubangiji Yesu ya taɓa wa ido, ya tambaye shi ko yana gani? Mutumin ya ce yana ganin mutane dishi-dishi kamar itatuwa. Bai tsawata masa ba. Bai ce masa kai mara bangaskiya ba. Sake taɓa shi ya yi. Kutaren nan kuma, ai tura su ya yi a duba jikinsu. Shi da kansa yana tambayar mai ciwo, yana kuma jin amsa. Kai ka tambayi Inna?"

"Baba, ka manta da Bitrus? Yana tafiya a kan ruwa lafiya lau. Da ya kalli iska sai ya fara nutsewa. Ku so kuke Inna ta kalli iska."

"Ni dai tambaya na ce ka yi."

"To zo mu je, ka ji da kunnenka."

Suka tsaya a ƙofar ɗakin. Turaren wuta na tashi, hayaƙinsa ya cika wurin, amma bai rufe abin da aka kunna shi don ya rufe ba.

"Inna, ga Baba Habila. Wai yana so ya ji daga bakinki. Kin warke ko ba ki warke ba?"

Ɗan fari ya yi mata tambaya gaban baƙo. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ka gani? Ba ta musa ba."

Habila ya leƙa. "Rifkatu, ni ne. Ya ƙafar?"

Ta amsa abin da kowane Bahaushe ke amsawa, ko da ransa na maƙogwaro. "Da sauƙi."

Habila ya san amsar nan ba ta nufin komai. Ya kai shekarun da zai sani. Amma ya tuna shekarun da majami'ar ba ta cika benci uku, ya tuna yau har waje. Ya gyara hularsa ya ce, "To, Allah ya ƙara sauƙi," ya fita. A hanya ya gaya wa kansa maganar cikin gida ce.

Baƙi masu zuwa addu'a suka fara toshe hanci a tsakar gida. Zakariya ya ce Inna na bukatar wuri mai shiru, aka mayar da ita ɗakin baya inda ake ajiye buhunan gero. Ƙudaje suka san ɗakin. Da rana sukan yi baƙi a jikin labule, in an ɗaga su tashi da ƙugi su dawo. Zazzaɓi ya shiga. Ta daina cin tuwo, sai ruwa. Wani lokaci takan kira sunan mijinta da ya daɗe da rasuwa, ta ce ya rufe awaki hadari na zuwa.

Zakariya bai yi watsi da ita ba, kada a ce na yi masa ƙarya. Kullum yana shiga. Yakan durƙusa, ya tsiyaya man zaitun a kan safar, ya ɗora hannu ya yi addu'a har muryarsa ta dushe. A kan safar. Bai taɓa cire ta ba. In warin ya buge shi sai ya ce ciwon ne ke fita, mugun abu ba ya fita da ƙamshi. In ta yi nishi ya ce yaƙi ake yi a cikin ruhu. Da Hanna ta ce masa kumburin ya wuce ƙwauri, cewa ya yi Li'azaru ma sai da ya yi wari kafin a kira shi daga kabari.

Ta katanga Rabi'a ke kira. "Hanna! Ƙawata na da rai?"

"Da sauƙi, Baba Rabi."

"Allah shi isar mata, ku da sauƙin nan naku."

Aka sa ranar babban taron warkarwa. An gayyato mutane daga nesa, an ɗauko lasifika haya, an kafa rumfa. Da safiyar ranar Hanna ta shiga da safa da kambas, ta fito da su a hannu.

"Maigida, ƙafar ba ta shiga. Kuma Inna ba ta iya zama, balle tsayuwa."

Yana sanye da farar shadda, Littafi Mai Tsarki a hammata. Ya shiga ɗakin da kansa. Tsohuwar na kwance, leɓɓanta sun tsage, idonta ya faɗa.

"Inna, kin warke. Yau ranar shaida ce. Mutane na jiran ki. Tashi."

Ba ta motsa ba.

Ya sa hannu ƙarƙashin kafaɗarta zai ɗaga ta. Ƙafar ta goga a bakin katifa. Ta yi wata ƙara da ta sa kajin tsakar gida suka watse. Sannan ta buɗe ido ta kalle shi a fuska, abin da ba ta yi ba tun yana goye.

"Zakariya."

Ya sake ta. Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Hanna da ke bakin ƙofa ta dafe ƙirji.

"Zakariya, da kai nake. Kwance tsumman nan."

"Inna, ba sai an..."

"Ni na haife ka. Kwance."

Ya ajiye Littafin a kan buhu, ya durƙusa. Ya fara warwarewa. Tsumman ya manne, ya ja, ya taho da fata. Yatsu uku sun zama gawayi. Tafin ƙafar ya rarake, abubuwa farare na motsi a ciki. Baƙin ya haura har ƙasan gwiwa.

Ya fita da gudu ya yi amai a bakin rariya, a kan farar shaddar.

Da ya ɗago, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Hanna ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. "Na gaya maka. Ka sa ni azumi."

"Inna da kanta ta ce da sauƙi!"

Ihun tsohuwar ya riga ya kawo Rabi'a, tana dukan ƙyaure da dutse. Hanna ta zare sakatar. Ɗan Rabi'a, Rabe, direba ne a layin Katsina, shi ya kawo mota ƙofar gida. Aka naɗo tsohuwar a tabarma, mutum huɗu suka kama. Daga nesa ana jin lasifikar majami'a, ana gwada ta, ana waƙar maraba.

Hanyar Katsina ba nisa gare ta ba, shingaye ne suka yi mata yawa. A kowane shinge sai an tsaya. Jami'i ya leƙo kai ta taga, warin ya mayar da shi baya, ya ɗaga hannu a wuce. Zakariya na gidan gaba yana addu'a ƙasa-ƙasa. Rabi'a na baya, kan Rifkatu a cinyarta, tana ɗiga mata ruwa a baki da yatsa.

A asibiti likitan ya duba, ya tambayi yaushe ta bar shan magani. Zakariya ya fara bayani, ya kawo maganar bangaskiya. Likitan bai tsaya ji ba. Ya ce in ana son ranta, ƙafar za ta tafi, kuma daga saman gwiwa. Ya ce da an kawo ta lokacin da yatsan ya fara baƙi, yatsan kaɗai za a cire.

Aka yi aikin. Ta rayu.

Bayan an fito da ita wani ma'aikaci ya leƙo baranda ya ce ina ɗanta. Ya miƙo wa Zakariya wani abu dogo, naɗe cikin leda da tsohon zane. Ya ce su ba sa ajiyewa, dangi ke zuwa su binne. Zakariya ya karɓa da hannu biyu. Ya fi yadda ya zata nauyi. Rabe ya kai shi maƙabartar Kirista, ya aro masa fatanya wurin mai gadi, ya koma mota ya jira. Shi kaɗai ya haƙa ramin. Ba fasto, ba waƙa, bai kuma san addu'ar da ake yi wa ƙafa ba.

Kada wani ya ɗauka majami'a ta watse. Ba ta watse ba. An dai sami bayani. Wasu suka ce tsohuwa ta warke sarai, shakka ce ta shige ta daga baya. Wasu suka ce maƙwabciyar nan ce ta riƙa shiga tana karya mata zuciya. Wata cikin matan zumunta ta ce ita dama ta lura Inna ba ta ɗaga murya in ana Haleluya. Baba Habila ya ce al'amarin Allah sai Allah. Zakariya ya yi makonni bai hau bagadi ba, aka je har gida aka roƙe shi, ya koma. Yanzu in ya zo labarin warkarwa yakan ƙara da cewa asibiti ma baiwar Allah ce, a ce amin. Bai taɓa tsayawa ya ce shi ya zubar da maganin ba. Duk wanda ya yi magana a kan abin ya fita da ƙafafunsa biyu.

Rifkatu ba ta koma Jibiya ba. Ƙanwar Zakariya ta zo ta ɗauke ta zuwa ƙauye. Matar da ke noma gyaɗarta da kanta kafin ciwon, yanzu da gindi take ja zuwa bayan gida, ta dafa ƙasa da hannu biyu, awaki na tsallake ta.

Bayan damina Rabi'a ta sa Rabe ya kai ta. Ta same ta a gindin bishiyar bedi, ta rame, zane ya kwanta shafal a inda ƙafar take a da. Suka gaisa, suka yi 'yar tsokanarsu, ba ta yi armashi ba. Can Rabi'a ta ga tana miƙa hannu tana sosa tabarma, can ƙasa, inda babu komai.

"Mi kike sosawa nan?"

"Yatsan nan ne," in ji Rifkatu. "Tun da aka binne shi bai bar ni na huta ba. Yana can Katsina cikin rami yana yi mini zogi, ni ina nan, hannuna ba ya kai wa."